Motar da Ta Yi Atishawa a Dawanau

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga birnin Kano, da ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, ya bar Mil Tara a bayansa, to, ya iso Dawanau ke nan, a cikin ƙasar Dawakin Tofa. Ƙasa ce wadda gona ke jingine da gona, ba ka ganin saura ko fegi guda. Ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo suna tsaye a tsakiyar gonaki, kowane itace da mai shi, burtali kuwa ya ratsa ya bi ta ƙauyuka kamar zaren saƙa. A zamanin da, jakai ne ke bin burtalin nan, su kai itace da hatsi birni, su komo da taki a mangala. A cikin 1985 aka kafa kasuwar hatsi a Dawanau, ta yi ta bunƙasa har ta zama tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Wake da riɗi da zoɓo da gero da dawa da masara, duk can su ke taruwa, fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru da Kudu suna zuwa awo. Da kaya suka fi ƙarfin bayan jaki, sai ƙananan motocin nan da a ke kira a-kori-kura suka karɓi aikin.

Akwai wani direba a wani ƙauye da ke arewa da kasuwar, mutum ne mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, yana jan wata tsohuwar a-kori-kura, Fijo 504. Irin motar nan an fara ƙera ta a Faransa cikin 1968, kamfanin Fijo na Kaduna kuwa, wanda ya fara harhaɗa motoci cikin 1975, bai daina yin ta ba sai 2006. Motar ba tasa ce ba tukuna. Wani Alhaji mai sito a kasuwa ne ya saya ya ba shi, bisa sharaɗin ya riƙa biya kaɗan kaɗan duk mako, in ya cika ta zama tasa, in kuwa ya gaza har sau uku a jere, ya kawo makulli. Shekara biyu yana biya, abin da ya rage kaɗan ne, ya kuwa ƙudurta a ransa kakar nan zai gama.

Ana nan sai ranar 29 ga watan Mayu, 2023, sabon Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500. Direban nan, wanda da can ba ya ko duban allurar mai sai ta kwanta, ya koma yana lissafin kowace lita kamar ma'aji yana ƙirga kuɗin haraji. Da kaka ta yi, hunturu ya fara busowa, sai ya lura motar ta sake hali. Man da ya saba kai shi ƙauye ya komo da shi har ya yi saura, yanzu da ƙyar ya ke isa. Salansa tana fitar da baƙin hayaƙi mai yaji a ido, in ya tsaya a bayanta sai ya ji warin ɗanyen fetur. Da safe kuma sai ta yi ta kakari kafin ta tashi. Ya faɗa wa 'yan'uwansa direbobi a bakin kasuwa, kowa ya ce, “Kafireto ne.”

To, kafin a ci gaba da labari, ya kamata mai karatu ya san ko mene ne kafireto, don kuwa sunansa ya fi aikinsa yawo a bakin mutane.

Fetur shi kaɗai ba ya cin wuta, sai ya sami iska. Kowace mace ta san haka a murhu: in ta cusa itace ya yi yawa, wuta ta shaƙe, sai hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, sai ta zare wani ta hura kana ta kama. Haka kuma maƙeri ba ya rabuwa da zugazugi. Injin mota shi ma murhu ne, sai dai wutarsa a rufe ta ke, tana kamawa tana mutuwa sau dubbai a cikin minti guda, kowace kamawa ta tunkuɗa fistin. Masana sun auna sun tarar awon da ya fi dacewa shi ne iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1, a ma'aunin nauyi. Da ya ke iska ba ta da nauyi sosai, wannan yana nufin lita 1 ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000, wato cikin duro 45 irin mai ɗaukar lita 200. Ka ga ashe mota iska ta fi sha, fetur ɗan mahaɗi ne. Kafireto kuwa shi ne mai damun furar nan. Aikinsa ke nan, ya auna, ya dama, ya miƙa wa injin.

Yadda ya ke yi kuwa ba asiri ba ne. Wanda ya taɓa riƙe famfon filit na feshin sauro ya riga ya ga dabarar: kana tura iska ta wuce bakin wani siririn bututu da gudu, sai ta zuƙo maganin daga gwangwani ta watsa shi kamar raɓa. A cikin kafireto akwai maƙogwaro mai tsukakkiyar tsakiya. Iskar da injin ke zuƙa, in ta iso matsatsin nan sai ta ƙara gudu, ƙarfin danninta ya ragu, ta janyo fetur daga wata 'yar kafa. Wani masani na Italiya mai suna Venturi ne ya bayyana halin matsatsin nan cikin 1797, shi ya sa har yau a ke kiran maƙogwaron da sunansa. Cikin 1893 kuma wani Bajamushe, Wilhelm Maybach, ya ƙera kafireto mai fesa mai ta wannan hanya.

A gefen maƙogwaro akwai ɗan ƙoƙo inda mai ke taruwa. A cikinsa akwai wani abu mara nauyi da kanikawa ke kira fulot, yana yawo a kan mai kamar gora a kan ruwa. In mai ya cika, ya taso ya tura wata allura ta toshe hanya, in mai ya ragu, ya sauka allura ta buɗe. Daga ƙoƙon nan mai ke bi ta waɗansu 'yan ƙusoshi na farin ƙarfe ko tagulla masu huda a tsakiya, su a ke kira jet. Akwai babba, wanda ke ciyar da injin in mota tana tafiya, akwai kuma ƙarami, wanda ke riƙe ta in tana tsaye tana silo. An auna hudar kowanne tun daga masana'anta, an buga lambarsa a jikinsa. A ƙasa akwai ɗan faifai wanda totur ke juyawa, a sama kuma akwai wani da a ke kira cok, wanda ke rage iska da sanyin safiya don injin ya sami mai da kauri ya tashi. Daga waje kuwa akwai sukuru biyu. Ɗaya na ƙara sauri ko rage saurin silo, ɗaya na daidaita yawan man silo. Su biyun nan su ne a fili, inda hannun kowa ke kaiwa, shi ya sa su ne ke shan wahala.

Direbanmu ya ari sukudireba, ya buɗe murfin injin, ya sami sukurun mai ya murɗa shi ciki, zagaye ɗaya da rabi, yana cewa a ransa ai ya ɗaure mata baki. Abin da bai sani ba shi ne, sukurun nan ba shi da iko sai a kan silo. Da zarar an taka totur mota ta kama hanya, babban jet ne ke mulki, ba ruwansa da abin da aka yi wa sukuru. Saboda haka shan mai bai ragu da ko cokali ba, sai ma wata sabuwar cuta da ta samu: duk inda ya ɗaga ƙafa, ko a mararraba ko a bakin ƙofar kasuwa, sai ta mutu, masu manyan motoci su yi ta danna masa oda, 'yan dako suna dariya.

Wannan hannu na fari ke nan.

Hannu na biyu na wani saurayi ne mai gyaran babura da injin ban-ruwa a ƙauyensu. Yaron ba mugu ba ne, yana da kaifin hannu, sai dai ya koyi rabin sana'a ya buɗe rumfa. Ya ce ai ya san maganin mota mai zarin sha. Ya kwance babban jet, ya tsinko sili ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki, ya zura a cikin hudar, ya lanƙwasa bakinsa don kada ya fita, ya mayar. Nan take baƙin hayaƙi ya ragu. Direba ya yi murna, ya biya shi har da na goro. Amma fa motar ta zama kamar doki mai asuki, ba ta da kuzari. Buhu goma da ta saba ɗauka ta haye tudu a giya ta uku, yanzu sai a ta biyu tana nishi. Sawu uku da ya ke yi a yini ya koma biyu. A makon nan bai iya cika kuɗin Alhaji ba, Alhaji bai ce kome ba, ya dai rubuta a littafi. Mako na biye ma haka.

Hannu na uku na yaron mota ne. Shi ya lura in an cire babban tiyon da ya taso daga tukunyar tace iska zuwa bakin kafireto, sai injin ya yi wata ƙara mai daɗi kamar ya farfaɗo. Rannan da asuba, ba da sanin maigidansa ba, ya zare tiyon ya jefa bayan kujera, yana jiran a yaba masa.

Ran nan ranar Laraba ce, sun yi lodin wake buhu goma sha ɗaya na waɗansu manoma uku, biyu daga cikinsu suna zaune a kan kaya, don ɗayansu yana da bikin 'ya ran Juma'a, kuɗin waken nan ne kuɗin gara. Da fari mota ta yi kamar ta warke. Da suka hau kwalta direba ya taka, sai ta yi tsaki, ta yi jim, sa'an nan ta yi atishawa ta bakin kafireto, fat! Ya sāke takawa, ta sāke. Allurar zafi ta fara hawa. Injin ya shiga wani ƙyas-ƙyas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ana hango rumfunan kasuwa ta yi wata atishawa mai ƙarfi har da harshen wuta, ta mutu, lagireto yana tafasa. Suka tura ta gefen hanya. Mai bikin 'ya ya sauko, bai yi faɗa ba, ya ce kawai, “Malam direba, in ba za ta tashi ba ka gaya mini, in nemi amalanke.” Wannan magana ta fi zagi zafi. Ga shi kuma jibi ne cikon mako na uku.

A nan kusa akwai wani tsohon bakanike da ke aiki a gindin darbejiya, ba shi da gareji sai akwatin ƙarfe da benci da yara biyu masu koyo. Tun yana saurayi ya ke gyaran Fijo, tun zamanin 404. Aka turo motar gabansa. Direba ya gaisa a gaggauce, ya ce, “Baba, kafireto ne. Don Allah a taɓa mini sukuru in ƙarasa.”

Tsoho ya ce, “Sannu, ɗana. Wa ya gaya maka kafireto ne?”

“Kowa ma haka ya ce.”

“To, madalla. Bari ita ma mu tambaye ta.”

Bai ko dubi sukurun ba. Ya sa aka bar injin ya huce, ya zauna a benci yana yi wa direba tambaya kamar alƙali. Yaushe abin ya fara? Da wane irin hayaƙi, baƙi ko fari ko shuɗi? A ina ya ke shan mai, gidan mai ko wajen 'yan bumburutu? Wa ya taɓa ta, me ya yi? Direba yana amsawa yana duban rana, ransa ya ɓaci, yana ganin ana ɓata masa lokaci. Da ya zo kan maganar silin waya, tsoho ya yi salati a hankali, bai ƙara kome ba.

Sa'an nan ya sa yaro ya kwance fulogi huɗu, ya jera su a kan benci bi da bi yadda su ke a injin. Ya kira direba ya ce ya duba. A gindin kowanne, can ciki, akwai baƙin kunkunniya mai laushi irin na bayan tukunya. Amma bakinsu, inda wuta ke tartsatsi, fari ne fat kamar alli, na uku har ya yi ƙuraje.

Ya ce, “Ka ga wasiƙa biyu a takarda ɗaya. Baƙin nan tsohon labari ne, lokacin da mai ya yi mata yawa. Farin nan kuwa labarin yau ne, yunwa ta ke ji. Fulogi mai lafiya ba baƙi ba ne ba fari ba, launin soyayyar gyaɗa gare shi.”

Nan ne fa ya kamata a tsaya kaɗan, don mutane da yawa suna zaton in mai ya yi kaɗan a cikin iska riba ce, iyaka mota ta rage gudu. Ba haka ba ne. Mai in ya yi yawa, ɓarnarsa a fili ta ke: hayaƙi, da wari, da aljihu da ke ramewa. Wanda bai ƙone ba kuma yakan wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya gangara ya tsinka na cikin injin, har in ka zaro sandar awo ka sansana sai ka ji fetur. Wannan ciwo ne mai cin mutum a hankali. Amma ƙarancin mai shi ne mai kisan gaggawa. Haɗin da ya tsinke ba ya kamawa farat ɗaya, jan wuta ya ke yi, har bawul ɗin fitar da hayaƙi ya buɗe wuta ba ta gama ci ba, ta bi ta kansa tana gasa shi. Wani lokaci ma har bawul ɗin shigar mai ya buɗe da sauran wuta a ciki, ta kama sabon haɗin da ke shigowa, ta fito ta bakin kafireto. Atishawar ke nan. In aka dage ana tafiya haka da kaya, bawul ya ƙone, ko kan fistin ya huje. Wanda ya tsimi lita biyu ta wannan hanya ya sayi sauke injin, garin neman gira ya rasa ido.

Tsoho ya ɗaga kai ya ga bakin kafireto a buɗe, ya ce, “Ina tiyon nan?” Yaron mota ya sunkuyar da kai, ya je ya ɗauko. Aka kwance tukunyar tace iska. Irin wadda a ke zuba wa baƙin mai a gindi ce, don ƙura ta faɗa ciki ta maƙale, sa'an nan iska ta bi ta cikin ragar waya ta wuce. Da aka buɗe, babu sauran mai a ciki, sai wani taɓo mai kauri kamar kunun kanwa da ya kwana, ragar kuwa ta toshe da ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da kowar wake. Ai dole. Motar da ke kwana a masussuka ta yini a Dawanau, inda a ke sheƙa da zazzage buhu tun safe har magariba, ƙurar da ta ke shaƙa a mako ta fi ta motar birni a wata.

Tsoho ya ce, “Ga ciwonka na fari, tun ran da ka ga baƙin hayaƙi. Hancinta ne ya toshe. Injin yana zuƙa, iska ba ta zuwa, sai ya zuƙo mai a madadinta, kamar ka ja cok ka manta. Da ka wanke tukunyar nan da kananzir ka zuba sabon baƙin mai, da shi ke nan. Sai kai ka ɗaure silo, wancan ya ɗaure babban jet, ta rasa iska ta rasa mai. Sa'an nan wannan ya buɗe mata iska gaba ɗaya, alhali mai yana ɗaure.” Ya dubi yaron mota, wanda ke jiran mari, ya ce, “Kai kaɗai ka kusa gano wurin. Amma kada ka ƙara. Ƙurar nan in ta shiga injin, yashi ce, gugar ƙarfe ta ke yi.”

Duk da haka bai taɓa kafireto ba tukuna. Ya buɗe mai raba wuta ya duba kwantak, ya goge shi, ya daidaita tazararsa, ya tabbata wuta tana zuwa a kan lokacinta. Dalilinsa shi ne, wuta mai rauni ko mai makara tana kawo alamu irin na kafireto sak, wanda kuwa ya daidaita mai a kan wuta mara kyau ya yi gini a kan rairayi. Ya bi tiyo ɗaya ɗaya yana lanƙwasawa, ya sami wani ƙarami da ya tsage a gindi, yana shigar da iska ta ɓarauniyar hanya, ya yanke wurin ya mayar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, iskar da ta shiga ta bayan kafireto kuwa ba a auna ta ba, ba ta da rabon mai.

Bayan wannan ne ya sauke kafireto, ya shimfiɗa tsumma fari, ya buɗe. Ya juye abin da ke cikin ƙoƙo a kwalba ya ɗaga ta a rana. Ruwa ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido, da jan gari na tsatsa, man kuma yana da maiƙo da warin kananzir. Direba ya amsa cewa tun da mai ya yi tsada yakan sayi galan a bakin hanya in ya sami sauƙi. Gurɓataccen mai ba a jarka kaɗai ya ke zuwa ba, don a watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur ƙasar nan mai yawan sinadarin metanol, ya lalata motoci da dama kafin a janye shi. Amma na jarka ya fi yawan kawo ruwa da datti, hudar jet kuwa ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe ta.

Ya zaro silin wayar ya ajiye a gefe. Ya wanke kome da fetur mai tsabta, ya sa yaro ya hura kowace huda da famfon taya. Ɗayan yaron ya miƙo masa allura don a sosa ƙaramin jet, tsoho ya buge hannunsa. Tagulla tana da taushi, in ka sosa da ƙarfe ka faɗaɗa hudar, ka ɓata awon da aka yi mata har abada. Ya girgiza fulot a kunne, ya ji ba mai a cikinsa, bai huje ba. Amma allurarsa ta ci, ta yi zobe a baki, ba ta toshewa sosai. Aka tura yaro a Adaidaita Sahu zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo sabuwa da gaskit. Kafin ya komo aka yi azahar, aka sami wata mota ta ƙarasa da waken manoma cikin kasuwa, direba ya biya daga aljihunsa.

Irin ilmin tsohon nan yana ƙaranci. Tun wajen 1990 aka daina sa kafireto a sababbin motoci a Amurka, Turai ma ta bi baya cikin 'yan shekaru, saboda dokokin hana gurɓata iska. Motocin Kwatano da suka cika hanya yanzu, na'ura ce ke auna musu mai ta fesa, ba su da sukurun da za a murɗa. Amma kafireto bai bar ƙasar Kano ba. Yana cikin babur, da janareto, da injin ban-ruwa na fadama, da tsofaffin a-kori-kura da ke shiga inda motar gayu ba ta shiga. Sai dai a yi hattara: a Fijo in ka murɗa sukurun nan ciki mai ka rage, amma a babura da yawa sukurun na iska ne, in ka murɗa ciki mai ka ƙara.

Da la'asar aka ɗaura kome, aka zuba sabon baƙin mai a tukunyar iska daidai zanen da ke jikinta, aka mayar da tiyo. Sai yanzu tsoho ya ɗauki sukudireba. Ya murɗa sukurun mai ciki a hankali har ya taɓa, bai matsa ba, don bakinsa tsini ne, matsi yana ɓata shi. Ya warware shi zagaye biyu. Aka tayar da mota, ya ce a bar ta ta yi zafi, ba a daidaita injin mai sanyi. Ya duba cok ya ga ya buɗe sarai. Ya ɗora kofin ruwa a kan reshen mota, ya sa kunne. Ya murɗa ciki kaɗan kaɗan har injin ya fara tuntuɓe, ruwan kofi yana rawa. Ya warware har ya wuce, injin ya fara wani lilo mai nauyi. Sai ya komo tsakanin biyun, inda ƙarar ta fi sauri ta fi santsi, ruwan kofi ya kwanta sai ɗan kaɗawa. Sa'an nan ya koma kan ɗaya sukurun ya sauke silo zuwa inda ya ke so, wajen juyi 800 zuwa 900 a minti, ko da ya ke shi ba shi da agogon awo sai kunne. Ya sāke komawa kan na fari ya gyara da kwata. Ya rufe rabin bakin iska da tafin hannu, injin ya nemi shaƙewa maimakon ya ƙara gudu, ya gyaɗa kai, don da gudu ya ƙara, da akwai sauran yunwa ke nan. Ya finciki totur, ta amsa ba tsaki ba atishawa. Dukan aikin sukurun nan da direba ya zo nema tun hantsi bai kai minti biyar ba.

Amma ruwan kofin bai kwanta sarai ba, tsoho kuwa ya gani. Ya ɗauki filaya mai roba yana zare wayar fulogi ɗaya ɗaya. Ya zare ta fari, injin ya rage ƙarfi, ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya zare ta uku, canjin kaɗan ne. Ya ce, “Ɗana, bawul ɗin na uku ya sha wuta. Bai mutu ba, amma ya ji jiki. Za ta kai ka ƙarshen kaka in ka rage buhu biyu, ka bar gudu. Bayan nan sai an buɗe kan injin, ka fara tara kuɗinsa.”

Direba ya yi shiru, yana lissafi. Kuɗin allura da gaskit, da na motar da ta kai wake, da ladan tsoho, sun cinye abin da ya tara na makon, ga kuma aikin da ke jiransa. Suka hau tare suka nufi wajen Bichi, suka yi tafiyar mil biyar suka juyo, allurar zafi tana tsakiya ba ta motsa ba. Aka kwance fulogi na ɗaya, bakinsa ya fara yin ja-ja-ja, launin gyaɗa a kasko.

Da magariba ya tafi sito ya sami Alhaji, ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, jibi ba zan cika ba.” Ya kwashe labari duka ya faɗa, bai ɓoye nasa hannun ba. Alhaji ya buɗe littafi ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce akwai riɗi buhu sittin da ya saya a wani ƙauye wajen Tofa, in ya kwaso su kafin Asabar, a lissafa ladan a cikin biya. Buhu tara a sawu, sawu bakwai ke nan.

Washegari tun assalatu ya tayar da mota, ta tashi a bugu ɗaya. Silin wayar nan, wanda tsoho ya ƙulle masa a takarda, yana cikin aljihun gaban rigarsa, zai biya ta rumfar saurayin nan ya nuna masa. Yaron mota kuwa an ɗora masa sabon aiki, duk ran Juma'a kafin masallaci ya kwance tukunyar iska ya wanke.